Shehu Umarul Futi (R.A) da Shekarunsa na Baƙunci a Birnin Sakkwato

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Idan aka ambaci Shehu Umarul Futi, abin da ke fara zuwa zukatan 'yan uwa shi ne littafin Rimahu, sai kuma jihadin da ya yi a ƙasashen yamma. Kafin wannan duka, Shehu ya yi shekara wajen bakwai yana baƙo a birnin Sakkwato, yana matashin halifa mai ɗauke da wuridin da mutanen garin ba su saba da shi ba. Yadda ya yi wannan zama abin dubawa ne ga duk muridin da karatu ko fatauci ko hidimar ɗariƙa ta fitar da shi daga Madarunfa ko Maraɗi zuwa garin da ba a san gidansu ba.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Shehu Umaru ɗan Sa'idu Tal a ƙauyen Halwar, kusa da Fodor a ƙasar Futa Toro, cikin Senegal ta yau, wajen shekarar 1796. Mahaifinsa malami ne, a hannunsa ya fara karatun Alƙur'ani, sannan ya fita neman ilimi wurin malaman Futa. Ya karɓi ɗariƙar Tijjaniyya a hannun Shehu Abdulkarim Annaƙil, mutumin Futa Jalo, wanda silsilarsa ke komawa ga Sidi Mauludu Fal da Sidi Muhammadul Hafiz na Shingiɗi, har zuwa Maulana Shehu Ahmadu Tijjani (R.A) da ya rasu a Fas a 1815.

Wajen 1825 ya ɗaura niyyar hajji. Ya bi ta Masina, ya shigo ƙasar Hausa, ya yi wasu watanni a Sakkwato, a nan ya fara haɗuwa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Daga nan ya keta hamada ta Fezzan zuwa Masar, ya isa Makka a 1828.

Makarantar hidima a Hijaz

A Makka ya haɗu da Sidi Muhammadul Gali, ɗaya daga manyan sahabban Shehu Tijjani. Umaru ya zo da iliminsa, malami ne da ake saurara, amma sai ya ajiye wannan duka ya miƙa kansa da dukiyarsa ga shehin. Ya bi shi Madina, ya yi masa hidima kusan shekara uku, yana koyon asiran ɗariƙa da ladubbanta. A ƙarshe Sidi Gali ya ba shi izini cikakke, ya naɗa shi halifan Shehu a ƙasashen Sudan ta yamma. An ruwaito kuma cewa ya gargaɗe shi game da cuɗanya da sarakuna.

Wannan zama na Madina baƙunci ne mai tsawo, a nan ya koyi zama ƙarƙashin wani da yin shiru har a ba shi magana. Abin da ya koya can ya yi masa rana a Sakkwato.

Dawowa ta Barno

A tafiyarsa ta farko ya tarar da gaba tsakanin Sakkwato da Barno, har an gwabza yaƙi a 1826 zuwa 1827 lokacin da Shehu Muhammadul Amin Alkanemi ya tunkaro Kano da rundunarsa. Abin ya dame shi ƙwarai, ganin manyan malamai biyu na Musulunci suna zubar da jinin juna. A hanyar dawowa ya tsara waƙar nan Tazkiratul Gafilina, ya gina baitocinta a kan haruffan ayar Suratul Hujurati mai umarni da sulhunta muminai idan sun yi faɗa. Ya sauka a Barno, ya yi aure a can, amma zaman bai yi daɗi tsakaninsa da fada ba, sai ya wuce yamma. Ya iso Sakkwato wajen 1831, yana da shekara talatin da 'yan kai.

Birnin da ya tarar

Sakkwato a lokacin sabon birni ne, cike da malamai da ɗaliban Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817. Ta wata fuska baƙon bai yi nisa da gida ba: Fulatancin Futa da na manyan Sakkwato 'yan uwan juna ne, mazhabar Malikiyya ɗaya ce, Larabcin littattafai ɗaya ne. Amma harshen kasuwa da unguwa Hausa ne, kuma mafi nauyi, birnin na Ƙadiriyya ne tun daga Sarkin Musulmi har zuwa almajiri. Da sunan Shehu Abdulƙadir Jilani aka yi jihadi, har jama'ar suna kiran kansu Ƙadirawa.

Kowane Batijjane ya san sharuɗɗan da ya ɗauka ranar da aka yi masa talƙini. Ba ya haɗa wuridin Shehu da na wata ɗariƙa, ba ya kuma ziyarar wani waliyyi don neman madadi, tare da cewa wajibi ne ya girmama waliyyan Allah duka. A garin da hubbaren Shehu Usmanu yake, wanda ya kira mutane ga waɗannan sharuɗɗa yana iya zama abin zargi cikin sauƙi, a ce ya zo raba kan jama'a ne ko rage darajar Mujaddadi. Ga kuma gargaɗin shehinsa game da ƙofar sarakuna, alhali mai masaukinsa shi ne sarki mafi girma a ƙasar.

Yadda ya zauna

Shehu Umaru ya shiga birnin ta ƙofar ilimi, domin ita ce ƙofar da mutanen Sakkwato suke girmamawa. Muhammadu Bello malami ne kafin ya zama sarki, marubuci mai littattafai da yawa, don haka abotarsu ta tsayu a kan karatu da muzakara. Shehu ya karanta rubuce-rubucen shugabannin jihadi a kan hijira da sha'anin mulki, ya amfana da su ƙwarai, kuma tasirinsu ya bayyana a aikinsa daga baya. Ya zama ɗalibin garin a daidai lokacin da yake malami a cikinsa.

Bai tsaya gefe kamar mai jiran ranar tafiya ba. Ya yi aure a garin, Bello ya ba shi 'yarsa, ya zama surukin gida. A Sakkwato aka haifi ɗansa Ahmadu a 1836, wanda ya gaje shi. Wuridi kuwa ya bayar da shi ga wanda ya nema, sannu a hankali. Cikin waɗanda suka karɓa akwai Modibbo Raji na Gwandu, wanda ya daɗe yana ɓoye Tijjaniyyarsa kafin ya koma Adamawa. Da suka ta yi yawa a kan ɗariƙa, Shehu ya amsa da alƙalami: a 1837 ya rubuta Suyufus Sa'idi yana kare mutanen Allah da hujja. Ko Bello kansa ya karɓi wuridin, wannan magana ce da aka yi saɓani a kanta tun wancan zamani. Tijjanawa suna riƙe da cewa ya karɓa, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima da malaman Ƙadiriyya na Sakkwato suka musanta. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne ƙauna da amana sun tabbata tsakaninsu har mutuwa ta raba.

Gawakuke

Akwai wani sashe na wannan zama da ya shafi ƙasar Maraɗi kai tsaye. A 1836 Bello ya fita yaƙi da haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa, aka haɗu a Gawakuke, Shehu Umaru yana cikin rundunar mai masaukinsa. Sakkwato ta yi nasara, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda suka faɗi a fagen. Bayan haka ne Gobirawa suka kafa Tibiri. Ke nan kakannin mutane da yawa na wannan yanki suna ɗaya ɓangaren a ranar. Cikin hikimar Allah, yau jikokinsu ne ke shimfiɗa farin ƙyalle suna wazifa a zawiyoyin Maraɗi da Tibiri da Madarunfa, suna karanta Rimahu, suna yi wa marubucinsa addu'a.

Tafiyarsa da abin da ya bari

Bello ya rasu a Wurno a watan Oktoba 1837, Abubakar Atiku ya hau. Iskar fada ta sauya, Shehu bai ja da kowa ba, ya yi sallama ya kama hanyar yamma a 1838 tare da iyalinsa da littattafansa da almajirai 'yan ƙasar Hausa da Barno. Ya zauna a Jegunko cikin Futa Jalo, inda ya kammala Rimahu a 1845. Ya koma Dingirai, ya fara jihadi a 1852, ya shiga Segu a 1861 da Hamdallahi a 1862. Ƙarshen al'amarinsa ya zo a kogon Degembere kusa da Bandiagara a watan Fabrairu 1864.

Alherin baƙuncinsa ya dawo wa zuriyarsa. Da Faransawa suka ƙwace Segu a 1890 da Bandiagara a 1893, Ahmadu ya yi hijira da jama'arsa zuwa ƙasar da aka haife shi, aka karɓe su, ya rasu kusa da Sakkwato a 1897. Daga cikin wannan ayari Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Shehu, ya wuce Madina, ya zama madogarar alhazan Tijjanawa na ƙasar Hausa shekaru masu yawa.

Matashin muƙaddami da ya sauka a baƙon gari yana da abin koyi a nan. Ya fara da hidima kafin ya nemi a saurare shi, ya zauna gaban malaman da ya tarar ya ƙaru da su, ya riƙe sharuɗɗan wuridinsa ba tare da ya taɓa mutuncin shehunan masu masaukinsa ba. Idan zama ya ƙare ya tafi da sallama, domin watakila 'ya'yansa za su buƙaci wannan ƙofa wata rana.

Allah ya ƙara wa Shehu Umarul Futi yarda, ya jiƙan Sarkin Musulmi Bello da duk Musulmin da suka riga mu gidan gaskiya, ya tsare 'yan uwa da ke baƙunci a ko'ina suke, albarkacin Annabi (S.A.W). Amin.