Kamaluddin al-Farisi, malamin da ya warware sirrin bakan gizo

An haifi Kamaluddin al-Farisi a ƙasar Farisa, wato Iran ta yanzu, wajen shekarar 1267. Ya yi karatu a Tabriz a hannun Ƙuɗubuddin al-Shirazi, masanin falaki da ya taɓa aiki a cibiyar duban taurari ta Maragha.

Malamin nasa ne ya samo masa Kitab al-Manazir, littafin Ibn al-Haitham kan haske da gani. Al-Farisi ya yi masa sharhi mai suna Tanƙih al-Manazir, amma bai karɓi duk abin da ya tarar ba. Ibn al-Haitham na ganin cewa gajimare ne ke mayar da hasken rana kamar madubi, har bakan gizo ya bayyana.

Al-Farisi ya cika wani ƙwallon gilashi da ruwa, ya ɗauke shi tamkar ɗigon ruwan sama, ya ajiye shi a ɗaki mai duhu inda haske ke shiga ta 'yar kafa. Sai ya ga hasken yana karyewa wajen shiga, ya bugi bangon ciki ya juyo, ya sake karyewa wajen fita. Idan sau biyu ya bugi bangon, bakan gizo na biyu ke fitowa, launukansa a juye. Duk wannan da gilashi, da ruwa, da haƙuri.

Bai dace ba wajen bayyana asalin launukan, sai da Isaac Newton na Ingila ya nuna cewa farin haske ne ke ɗauke da su duka. A 1814 kuma Joseph Fraunhofer na Jamus ya tsaga hasken rana, ya ga ɗaruruwan baƙaƙen layuka, waɗanda daga bisani aka gane cewa sawun sinadaran da ke jikin rana ne. Ta haka ake sanin abin da tauraro ya ƙunsa.

Har yau somin tabin wannan ilmi ba shi da tsada. Ɗalibi a Tudun Wada ta Sakkwato zai iya tsaga siririyar kafa a kwali, ya sa tsohon faifan CD a ciki, ya fuskanci doguwar fitilar lantarki, ya ga launukanta sun rabu layi-layi. Sai dai ba a kallon rana kai tsaye, domin tana ƙona ido.

Al-Farisi ya rasu a Tabriz a 1319.