Bernhard Schmidt, Mai Hannu Ɗaya Da Ya Gyara Madubin Hangen Taurari

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, wannan karo mun leƙa ƙasar Estoniya, inda aka haifi Bernhard Schmidt a 1879, a wani ɗan tsibiri mai suna Naissaar. A lokacin ƙasar tana ƙarƙashin Rasha.

Tun yana yaro ba ya zama wuri ɗaya, kullum cikin ƙere-ƙere yake. Yana da shekara 15 ya cusa albarushi cikin bututun ƙarfe, abin ya fashe masa, aka yanke masa hannun dama. To, da hagun nan kaɗai ya ci abinci har ya mutu. A 1901 ya tafi garin Mittweida a Jamus, ya shiga sana'ar goge gilashi da madubai na na'urar hangen nesa, masana taurari suna saye. A 1926 ya koma cibiyar nazarin taurari ta Bergedorf da ke Hamburg.

Matsalar masana a wancan zamani ita ce, manyan na'urorinsu tsakiyar hoto kawai suke fitarwa tas, taurarin gefe kuwa sai su fito da jela. Madubi mai lanƙwasa irin ta cikin ƙwarya, wato wanda ya yi daidai da yankin ƙwallo, shi ne mafi sauƙin gogewa kuma mafi araha, amma hotonsa dishi-dishi ne. Schmidt bai raina mai arahar ba. Sai ya sa wani siririn gilashi can gabansa, wanda ke gyara hasken tun kafin ya iso madubin.

Yadda ya ƙera gilashin nan shi ne abin da ya fi burge mu. Ya ɗora shi a bakin wata tasa ta ƙarfe, ya zuƙe iskar ciki har gilashin ya lotsa, ya goge shi a haka, sannan ya saki iskar. Da gilashin ya miƙe, sai ga siffar da ake nema ta fito. Kai, da hannu ɗaya fa! A 1930 ya gama na farko, madubinsa santimita 44, yana ɗaukar faffaɗan yanki na sama a hoto guda.

Sai dai abin ya zo daidai da karayar tattalin arzikin duniya, ba wanda ya zo saye. Ya mutu a Hamburg ran 1 ga Disamba 1935, yana da shekara 56, bai ci moriyar aikinsa ba.

Bayan ransa ne kasuwa ta buɗe. A 1948 aka kafa babbar na'ura irin tasa a dutsen Palomar na Amurka. Tun kafin Tarayyar Soviet ta harba tauraron ɗan'adam na farko, Sputnik, a 1957, aka shiga buƙatar na'urar da za ta kama abu ƙarami mai gudu a sama, kuma ba abin da ya dace da wannan aiki irin faffaɗan idon Schmidt. James Baker da Joseph Nunn suka gina kyamararsu a kan dabararsa, cibiyar Smithsonian ta girke guda 12 a sassan duniya, ɗaya a Afirka ta Kudu. Da su aka ɗauki hoton Vanguard 1 na Amurka, wanda aka harba a 1958, tauraron da bai kai ƙwallon ƙafa girma ba, yana kewaya duniya.