Thaddeus Stevens: Lauyan da ya yaƙi bauta a majalisar Amurka

An haifi Thaddeus Stevens ranar 4 ga watan Afrilun 1792 a garin Danville na jihar Vermont, a arewa maso gabashin Amurka. Da nakasa a ƙafa ya zo duniya, mahaifinsa kuma ya gudu ya bar gida tun yana yaro. Mahaifiyarsa ce ta yi ɗawainiyar karatunsa har ya kammala kwalejin Dartmouth a 1814.

Daga nan ya koma jihar Pennsylvania, inda ya buɗe ofishin lauya a garin Gettysburg a 1816.

A 1821 ya karɓi wata shari'a da masu tarihi ke yawan ambatawa. Wata baiwa mai suna Charity Butler ta nemi kotu ta 'yanta ta, bisa dokar Pennsylvania da ke 'yanta bawan da ya zauna wata shida a jihar. Stevens ya tsaya wa masu riƙe da ita, yana mai cewa sai wata shidan sun kasance a jere. Kotu ta yarda da shi, matar ta ci gaba da zama baiwa. Bayan haka ne aka san shi da kare bayin da suka gudo daga jihohin kudu.

An zaɓe shi majalisar dokokin jihar a 1833. Shekara biyu bayan nan, masu ƙin biyan haraji suka taso za su soke sabuwar dokar ilimi kyauta. Jawabin da Stevens ya yi a watan Afrilun 1835 na daga cikin abin da ya ceci dokar. A 1838 kuma ya ƙi sa hannu a sabon tsarin mulkin jihar, saboda an keɓe wa farar fata 'yancin zaɓe.

Ya shiga majalisar wakilai ta tarayya a 1849, ya yi shekara huɗu, sannan ya sake dawowa a 1859 a ƙarƙashin jam'iyyar Republican. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, shi ne shugaban kwamitin da ke kula da haraji da kuɗin gwamnati, watau shi ke nemo abin da za a yi yaƙin da shi. Ya riƙa matsa wa Shugaba Abraham Lincoln lamba ya 'yanta bayi, ya kuma ɗauke su aikin soja, a lokacin da shugaban ke taka-tsantsan. Sojojin kudu sun huce a kansa: a 1863 suka ƙona masana'antar ƙarfensa ta Caledonia.

Ranar 31 ga Janairun 1865 majalisar wakilai ta amince da gyara na 13 ga tsarin mulki, wanda ya haramta bauta, da ƙuri'a 119 a kan 56. Stevens na cikin waɗanda suka tsara gyara na 14, da ya ba duk wanda aka haifa a ƙasar 'yancin zama ɗan ƙasa da kariya iri ɗaya a gaban doka.

Amma abin da ya fi damunsa bai samu ba. A ganinsa, 'yanci ba gona ba zai hana tsohon bawa komawa ƙarƙashin tsohon ubangidansa ba. Ya nemi a ƙwace gonakin manyan masu bayi da suka yi tawaye, a ba kowane magidanci daga cikin mutane kusan miliyan 4 da aka 'yanta eka 40. Ko 'yan jam'iyyarsa ba su bi shi ba. Abin da ya biyo baya ya gaskata shi, domin da yawa daga cikin baƙaƙen fata na kudu sun koma noman rabo a gonakin tsofaffin masu bayi.

Magajin Lincoln, Andrew Johnson, ya riƙa yi wa dokokin majalisa ƙafar ungulu, Stevens kuma ya shiga gaba wajen neman tsige shi. A watan Fabrairun 1868 majalisar wakilai ta tuhumi shugaban da ƙuri'a 126 a kan 47, karo na farko a tarihin ƙasar. Wannan makami ne tsarin mulkin Najeriya na 1979 ya aro daga Amurka, kuma da shi majalisar jihar Kaduna ta sauke Gwamna Balarabe Musa a watan Yunin 1981. A Washington kuwa Johnson ya tsira: sanatoci 35 suka goyi bayan tsige shi, 19 suka ƙi, ƙuri'a ɗaya tak ta rage a cika kashi biyu cikin uku.

A lokacin rashin lafiya ta ci ƙarfin Stevens, har a kan kujera ake ɗaukarsa zuwa zauren. Mutum ne mai kaifin harshe, marar sassauci, abin da ya sa aka daɗe ana zana shi a littattafan tarihi a matsayin mai ramuwar gayya.

Ya mutu a Washington ranar 11 ga Agustan 1868, yana da shekara 76. An binne shi a wata ƙaramar maƙabarta a garin Lancaster, wadda shi da kansa ya zaɓa saboda ba ta bambanta baƙi da fari.