Puyi: Sau Uku Yana Hawa Gado, Bai Taɓa Riƙe Mulki Ba

Idan ana lissafin sarakunan da duniya ta juya wa baya, da wuya a tsallake Puyi, sarkin ƙarshe na ƙasar Sin. Sau uku ana ɗora shi a gadon sarauta, amma ko sau ɗaya ragamar mulki ba ta shiga hannunsa ba.

An haife shi a Beijing a 1906, a gidan Aisin Gioro na ƙabilar Manchu. 'Yan tsiraru ne da suka fito daga arewa maso gabas, amma su ke mulkin Sin tun 1644 da sunan daular Qing. A Nuwamba 1908 Cixi, tsohuwar da ke juya fada, ta zaɓe shi ya gaji sarauta tana gab da mutuwa. Yaro bai cika shekara 3 ba. Aka raba shi da mahaifiyarsa, matar da ke shayar da shi kaɗai aka bari ta bi shi fada. Mahaifinsa Zaifeng ya zama mai riƙon ƙwarya.

Ba a je ko'ina ba juyin juya hali ya ɓarke a Oktoba 1911. Ran 12 ga Fabrairu 1912 aka sanar da murabus ɗin sarki a madadinsa, ƙasar ta koma jamhuriya. Sai dai an yi yarjejeniya: zai riƙe sunan sarki, ya ci gaba da zama a fadar da ake kira Haramtaccen Birni, a kuma ba shi tael miliyan 4 na azurfa duk shekara. Ka ga ke nan, a waje zamani ya sauya, a cikin ganuwa kuwa babanni, wato dandaƙaƙƙun bayin fada, suna nan suna faɗuwa gaban yaro. Su ke sa masa kaya, su ke buɗe masa ƙofa, ba mai tsawata masa. Ya tashi bai iya ko ɗaure igiyar takalminsa ba.

Hawa na biyu ya zo a Yuli 1917, lokacin da wani janar, Zhang Xun, ya mayar da shi kan gado. Kwana 12 kacal aka yi abin ya watse. A 1919 aka kawo masa malami daga Birtaniya, Reginald Johnston, wanda ya koya masa Turanci, ya kuma dage sai da aka yi masa tabarau. A 1922 ya auri mata biyu, Wanrong uwargida da Wenxiu. Amma a Nuwamba 1924 wani janar ɗin, Feng Yuxiang, ya fatattake shi daga fada. Ya fake a ofishin jakadancin Japan, daga nan ya koma birnin Tianjin.

To, a nan ne hanya ta rabu tsakaninsa da wasu na gidansu. Mahaifinsa ya ajiye riƙon ƙwarya tun Disamba 1911, ya koma gida, ya cire hannu daga siyasa. Wenxiu kuwa ta yi abin da ya girgiza dangi: ta gudu a 1931, ta nemi saki, ta kuma samu. Ta yi koyarwa a makaranta na ɗan lokaci, ta sha talauci, ta sake aure, ta rasu a 1953. Shi Puyi ya kasa haƙura. Wawushe kaburburan kakanninsa da sojoji suka yi a 1928 ya ƙara masa haushin jamhuriya, kullum tunaninsa yadda zai koma gado.

Japanawa sun karanci wannan kwaɗayin sarai. Da suka mamaye Manchuriya a 1931, suka ƙirƙiro ƙasa mai suna Manchukuo, suka naɗa shi shugaba a 1932, sarki a 1934. Hawa na uku ke nan, kuma shi ne mafi muni. Sarkin jeka-na-yi-ka ne kawai: sojan Japan su kawo takarda, ya sa hannu, talakawa su kwana a ciki, har da aikin tilas. Mahaifinsa ya je ya gan shi, bai yarda ya zauna ba, ya juyo abinsa. Wanrong ta faɗa shan ofiyom har ya lalata ta.

A Agusta 1945 Japan ta sha kaye. Sojan Tarayyar Sobiyet suka kama Puyi a filin jirgin sama na Mukden yana shirin tserewa. Wanrong da ya bari a baya ta mutu a kurkuku a 1946. A 1950 aka miƙa shi ga gwamnatin Mao, aka kai shi gidan yarin Fushun. A can, yana da shekara 44, ya fara koyon wanke kayansa da gyara shimfiɗarsa, sauran fursunoni na yi masa dariya. Mahaifinsa kuwa a Beijing ya rasu a 1951, ba ɗauri ba gudun hijira.

An yi wa Puyi afuwa a Disamba 1959. Ya kama aiki a lambun tsirrai na Beijing, daga baya aka mai da shi aikin tattara bayanan tarihi. Ya auri wata nas, Li Shuxian, a 1962. Ya mutu ran 17 ga Oktoba 1967 sanadin ciwon dajin ƙoda, bai bar ɗa ko ɗaya ba.

Hawa na farko da na biyu ba wanda zai ga laifinsa, yaro ne aka ɗauka aka ajiye. Na uku kuwa da ƙafarsa ya je, yana da shekara 25, ya kuma san su wa ke kiransa. Masu iya magana sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Wahalar nan ba shi kaɗai ya sha ba, da matarsa da talakawan Manchuriya aka raba ta.