Ilya Mechnikov: Masanin da ya gano dakarun farko na garkuwar jiki

Idan aka yi wa mai ciwon sikila ko sankarar jini dashen ɓargo daga jikin wani, likitoci kan shiga ƙidayar wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil a kowace safiya. Ba sa cewa dashen ya kama sai adadinsu ya kai 500 a kowane mikrolita na jini, kwana uku a jere. Wanda ya fara fahimtar aikin waɗannan ƙwayoyi shi ne Ilya Mechnikov, masanin halittu ɗan ƙasar Rasha, wanda ya rasu tun kafin a fara tunanin irin wannan dashe.

An haife shi a 1845 a wani ƙauye kusa da Kharkov, a ƙasar Yukiren ta yanzu. Ya kammala karatun jami'a na shekara huɗu cikin shekara biyu, daga baya ya zama malami a Jami'ar Odessa. Rayuwarsa ta sha ɗaci, domin tarin fuka ya kashe matarsa ta farko, Ludmila, a 1873. Bayan kisan Sarki Alexander na Biyu a 1881, gwamnati ta matsa wa jami'o'i lamba, ana sa ido a kan malamai da ɗalibai. Mechnikov bai iya zama cikin wannan ƙunci ba, sai ya ajiye aiki a 1882 ya koma Messina a tsibirin Sisili na Italiya.

A can ne ya yi gwajin da ya ɗaukaka sunansa. Ya soka ƙayar wardi a jikin 'ya'yan wata halittar teku mai siffar tauraro, waɗanda ake iya hango cikinsu tamkar gilashi. Da gari ya waye, sai ya tarar wasu ƙwayoyi masu yawo sun yi wa ƙayar ƙawanya. Daga nan ya gane cewa jikin mai rai yana da dakarun da ke haɗiye baƙon abu su narkar da shi, ba tare da sun taɓa saninsa ba. An raɗa musu suna fagosait, ma'ana ƙwayoyi masu ci. Manyansu ya kira su makrofaj, ƙananan kuwa su ne nutrofil na yau.

Likitocin zamanin, musamman na Jamus, ba su karɓi wannan ra'ayi ba. Wasu na ganin fararen ƙwayoyin jini yaɗa cuta suke yi, wasu kuma sun dage cewa kariya tana cikin sinadaran ruwan jini ne kawai. A 1888 Louis Pasteur ya ba shi wurin bincike a cibiyarsa da ke Faris, inda ya shafe sauran rayuwarsa yana kare hujjarsa. A 1908 aka raba kyautar Nobel tsakaninsa da Paul Ehrlich, jigon ɗaya ɓangaren, alamar cewa kowanne ya riƙe wani sashe na gaskiya. Ya rasu a Faris a watan Yulin 1916.

Dashen ɓargo ya ƙara fito da nauyin abin da ya gano. Kafin dashe, ana rusa ɓargon majiyyaci da magunguna masu ƙarfi, sai ya zauna kusan ba garkuwa, ƙwayar cutar da ba ta kai ta kawo ba tana iya halaka shi. Nutrofil ne kan fara dawowa daga sabon ɓargon, yawanci cikin mako biyu zuwa huɗu. Ƙwayoyin da ke koyon cuta su haddace ta, wato limfosait na T da B, kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara. A wannan tsakani, dakarun Mechnikov ne ke riƙe da ran majiyyaci. Sai dai idan makrofaj suka wuce gona da iri, kumburin da suke tayarwa kan rura wutar farmakin da ƙwayoyin mai bayarwa ke kai wa jikin mai karɓa.

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da sikila, kuma an yi dashen ɓargo na farko a ƙasar a 2011, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin. Aikin ba ya ƙarewa a ranar dashe. Makonnin jiran dawowar nutrofil suna buƙatar keɓaɓɓen ɗaki, ingantaccen jini, magunguna da wutar lantarki marar yankewa, kuma samar da su hakki ne a wuyan masu tsara kasafin lafiya.