ABDULKARIM BAJAMUSHE, MATAFIYIN DA YA RATSA DAJIN RUGU A 1853

Ba kowa ba ne a ƙasar Safana da Batsari ya san cewa sunan garin Zakka yana rubuce cikin wani littafi da aka buga a Landan tun 1858. Mai littafin shi ne Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashen nan suka sani da suna Abdulkarim. An haife shi a Hambug ta ƙasar Jamus cikin 1821, ya yi karatu a Jami'ar Barlin, ya kuma koyi Larabci. Cikin 1850 Gwamnatin Ingila ta aiko shi tare da James Richardson da Adolf Overweg, suka taso daga Tarabulus don su ƙetare Sahara. Su uku suka taso, shi kaɗai ya koma gida, kuma ba makami ne ya kashe sauran biyun ba.

Shi kansa da ƙyar ya sha tun a farkon tafiya. Kusa da Gat ya hau dutsen Idinen shi kaɗai, dutsen da Buzaye ke cewa na aljannu ne, ya ɓace, ruwansa ya ƙare, har ƙishirwa ta sa ya tsaga hannunsa ya tsotsi jininsa, kafin wani Buzu ya tsince shi. Richardson ya rasu cikin Maris 1851 a kan hanyar Kukawa. Overweg kuwa ya shiga ruwa wajen harbin tsuntsaye a bakin Tafkin Cadi, ya wuni da jiƙaƙƙun tufafi, zazzaɓi ya kwantar da shi, ya cika cikin Satumba 1852 yana da shekara 30.

Mutumin da ya ga irin wannan ba ya duban ƙasa don sha'awa kawai. Duk inda Barth ya sauka sai ya lura da rijiyoyi da kududdufai da inda ruwan sama ke bi. Ya yi fama da zazzaɓi a Kano cikin 1851, ya ɗora laifin a kan Jakara da kududdufan birni. Ƙasar Katsina kuwa ya yaba mata ƙwarai. Ya ce tana bisa tudun da ya raba ruwan da ke gangarawa Cadi da wanda ke gangarawa Kwara, tsayinsa ƙafa 1,200 zuwa 1,500, ga ruwa isasshe, amma ba ya kwanciya, don rafuka na kwashe shi. Saboda haka cuta ba ta yi yawa ba kamar a wasu wurare. A zamaninsa likitocin Turai mugunyar iska suke zargi, sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar da cewa sauro ne ke ɗauke da cutar. Watau Barth bai san ɓarawon ba, amma ya gane gidansa.

Cikin Maris 1853 ya bar birnin Katsina zuwa Sakkwato tare da ayarin Galadiman Sakkwato, ya bi ta Kuraye da Kurfi, ya sauka Zakka. Daga nan sai daji, wanda yau muke kira Dajin Rugu. A nan ne yabon da ya yi wa ƙasar ya gamu da iyakarsa. Itatuwa sun yi duhu, ƙasa mai kyau ce, amma garuruwan ciki sun zama kufai, gama hare-haren Gobirawa da Katsinawan Maraɗi sun kori masu noma ta. Ayari bai iya yada zango inda ya so ba, dole aka yi tafiyar dare har aka fita wajen Bunka da Zurmi. Mutanen Batsari da Safana da suka bar gonakinsu saboda 'yan bindiga a ƙarshen shekarun 2010 ba sa bukatar a fassara musu wannan shafi. Gaba kuma ga Dajin Gundumi, inda aka yi sa'a 26 ana tafiya ba hutawa, mutane da dabbobi suka galabaita, kafin a iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu.

Ya isa Tambutu cikin Satumba 1853, ya yi watanni ƙarƙashin kariyar Shehu Bakkayi, yawancinsu cikin rashin lafiya. A kan hanyar komowa, daminar 1854, atuni ya kama shi a ƙasar Sakkwato, ya kwanta a Wurno. Abin da ya taimaka wajen tashe shi shi ne abin da mutanen wurin suka ba shi shawara a kai: dakakkiyar shinkafa da nono da 'ya'yan bagaruwa. Bai ji kunyar rubuta haka ba, kuma wannan hali na sauraron 'yan ƙasa shi ya bambanta shi da yawancin Turawan da suka biyo bayansa.

Ya koma Turai cikin 1855 tare da yara biyu, Abbega da Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram. Littafinsa ya fito cikin juzu'i 5 tsakanin 1857 da 1858, daga baya ya koyar a Jami'ar Barlin. Ciwon ciki ya kashe shi ran 25 ga Nuwamba 1865, yana da shekara 44. Dorugu ya komo ƙasar Hausa, ya rasu a Kano cikin 1912.