Ibnu Sina da Dutsen da Ya Bar Hannu

An haifi Abu Ali Husaini Ibnu Sina a shekarar 980 a ƙauyen Afshana, kusa da birnin Bukhara, cikin ƙasar Uzbekistan ta yau. Ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara goma, sannan ya shiga fiƙihu da lissafi da likitanci. Tun yana matashi ya yi wa Sarkin Bukhara, Nuhu ɗan Mansur, magani. Tukuicin da ya samu shi ne izinin shiga ɗakin littattafan fada, kuma a nan iliminsa ya tumbatsa.

An fi saninsa da littafin likitanci, Alƙanun. Amma a cikin wani littafinsa, Ash-Shifa, ya ɗauko tambayar da ta daɗe tana ɗaure wa masana kai: me ke tafiyar da dutse bayan ya bar hannun mai jifa? Aristotal na Girka ya ɗora abin a kan iska. Ibnu Sina bai gamsu ba. A ganinsa, mai jifa yana sanya wa dutsen wani ƙarfin tafiya, wanda ba ya ƙarewa da kansa, sai dai iska ta cinye shi sannu a hankali. Da babu abin da zai tare shi, da dutsen bai tsaya ba.

A ƙarni na 14, malami Buridan na birnin Faris ya bayyana cewa wannan ƙarfi yana ƙaruwa da abu biyu, nauyi da sauri. A 1687 Newton na Ingila ya kafa ƙa'idar: a ninka nauyin abu da saurinsa. Saboda haka tirela mai tan 30 ta ninka ƙaramar mota mai tan ɗaya ƙarfin tafiya sau 30, matuƙar gudunsu ɗaya. Shi ya sa birki ba ya tsayar da ita nan take, abin da duk mai hawa titi zuwa gida lokacin salla ya kamata ya riƙe.

Ibnu Sina ya yi wazirci a Hamadan ta ƙasar Iran, ya ɗanɗani kurkuku, ya rasu a can a 1037.

'Yan uwa, wannan bawan Allah ɗan ƙauye ne da aka buɗe wa ƙofar littattafai. Yaran da muka baro a gida su ma ƙofar suke jira. Allah ya jiƙan magabata, amin.